Salulata da Muryar Inna

Duk wanda zai zauna gabana ya fara yabon makullin salula, wai tun da aka fito da na yatsa da na fuska ɓarayi suka shiga taitayinsu, to ya shirya jin baƙar magana. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Waca, na daɗe ina fama da ƴaƴan mutane, kuma tun ina budurwa aka san ni da saurin fushi, ban taɓa musu ba. Sai dai fushin aji kafin a kaɗa ƙararrawar tashi ya huce. Wannan kuwa shekara ta zagayo yana nan tsaye a ƙahon zuciyata.

Salular da nake magana a kanta autanmu ne ya saya mini. Yana aikin biro, wato ofis, a Damagaram, yaro ne mai kirki, amma mai son a ce ya iya. Da ya kawo ta bai miƙo mini ba sai da ya zauna ya yi ta latse-latse, ya kama babban yatsana ya yi ta dangwalawa a bayanta kamar ranar zaɓe, ya sa na zaɓi kod, wato lambar sirri, sannan ya ɗaure ta da wani asusu da yake iya buɗewa daga tasa wayar. Ya ce daga Damagaram yana iya ganin inda take, yana iya sa ta yi ƙara, yana iya kulle ta, yana iya share duk abin da ke cikinta.

"Yaya, wannan ko an sace ta, ɓarawo dutse ya ɗauka," in ji shi.

Na ce Allah ya yi masa albarka, na karɓi abata. Ban tambaye shi komai ba, murna ta hana.

Abu guda ne a cikin salular nan da ba a samunsa a kasuwa, shi ne muryar Inna, mahaifiyarmu. Inna a Guci aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta tsufa, kuma duk yadda muka yi da ita ta dawo wurina ko wurin auta ta ƙi. Ba ta son hoto. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba abin kallo ba ce. Da ciwon ƙarshe ya kwantar da ita, kowane ƙarshen mako nakan shiga taksi daga Waca in je jinya. A nan na fara yi mata wayo. Sai in danna wurin ɗaukar murya, in tura salular ƙarƙashin gefen zanena, in tsokano ta da hira.

Ba wani abin a-zo-a-gani ta faɗa ba, ba kuma wasiyya ba ce. Akwai inda take yi mini faɗa wai na zama ƴar birni ina sayen daddawa a leda, alhali ta koya mini yadda ake yin ta da gurguzu. Akwai labarin shekarar da hatsi ya ƙi, suka bi jakuna har ƙetaren iyaka neman garin rogo. Akwai inda take tuno ƴaƴanta da suka rasu tun suna goye, tana faɗin kamannin kowane. Akwai tarinta, da dariyarta mai ƙarewa da "wayyo cikina", da inda ta katse magana ta daka wa akuya tsawa don ta sa baki a tsaba. Wata rana ta gano ni. Ta ce, "Ke, me kike ɓoyewa a ƙarƙashin zane? Abin nan naki ne yake saurarena ko?" Na ce e. Sai ta ce, "To ya saurara da kyau." Ta ƙara ɗaga murya ta ci gaba da faɗan daddawa.

Na san abin da masu wayo za su ce, wai me ya hana in ajiye a wani wuri. Auta ya taɓa ce mini akwai wata ma'ajiya a iska da ake tura kaya. To wanda bai zauna Waca ba ba zai gane ba. A unguwarmu in kana son rezo, wato sabis ɗin waya, mai ƙarfi sai ka hau tudun bayan lakwal ka ɗaga hannu sama, ga hirar Inna doguwa, forfen intanet ɗin da nake saya ba ya ɗaukar ko rabinta. Na taɓa gwadawa, abin ya yi ta juyi a wuri ɗaya har batir ya mutu. Kada wanda ya zo ya ɗora mini wannan.

Inna ta rasu da kaka, ana cikin ɗaurin gero. Ranar sadakar arba'in gidan Guci ya cika maƙil da dangi da maƙwabta. Da hantsi gwaggonnina da ƙawayen Inna suka ce sun ji labari wai tana cikin wayata, in sa musu. Na sa. Tsofaffin nan suka matso suka kewaye ni, wata na kuka, wata na amsa mata magana kamar tana zaune a wurin, da aka zo kan akuya duk suka fashe da dariya da hawaye a fuska. Sai da batir ya yi ja suka ƙyale ni. Na kai salular ɗakin Inna na jona ta da igiyar ƴar solar da ke kan rufi, na kifa mata faifai, na fita rabon masa da gumba.

Bayan azahar na koma na tarar da igiyar caji tana lilo, faifan a ƙasa. Na ɗaga katifa, na leƙa ƙarƙashin gado, na zazzage kwandon kayan Inna. Na ari wayar wata na kira, aka ce a kashe take.

A gidan mutuwa fa! A ɗakin mamaciya, ranar da aka taru don yi mata addu'a! Wanda ya yi wannan ya durƙusa ya yi mini gaisuwa da safe, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya ci masarmu, sannan ya shiga ɗakin uwata ya zare. Na fito tsakar gida na buɗe maƙogwaro. Na ce babu wadda za ta fita sai an kwance zane an zazzage jaka, na ce Allah ya isa, na ce ban yafe ba duniya da lahira. Mata suka yi cirko-cirko, wasu suka fara neman takalmansu cikin fushi. Ana cikin haka aka ce Kawu na kirana.

Kawu wan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da ta tafi shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Tsoho ne sosai, amma a unguwar ba a yanke magana sai da shi. Na same shi a zaure a kan buzunsa. Ya sallami mazan da ke wurin, na durƙusa.

"Ɗiyata, kin gama?"

Na ce, "Kawu, ku bar ni in je jandarma."

"Ki je ki ce wa? Ki ce gwaggonki, ko maƙwabciyar da ta yi wa uwarki wanka? Wanda ya ɗauka ba baƙo ba ne. In kika matsa masa yau, a masai zai jefa ta, ke ba ki samu ba, zumunci kuma ya lalace. Ki rufe bakinki. Za a yi yadda aka saba."

Yadda aka saba shi ne cigiya da wa'adi. Liman zai faɗa bayan salla, mai shela ya zaga gari, wanda ya tsinci abu kaza ya ajiye a masallaci ko a zauren wane, ba mai tambayarsa, ba mai leƙen fuskarsa. Ba a ma kiran sata, tsintuwa ake cewa. In Juma'a ta zagayo ba a gani ba, za a tara malamai a yi karatu, a bar wanda ya ɗauka da Allah. Ina yarinya na ga an yi haka a kan rago, aka wayi gari yana ɗaure a turkensa. Na ga an yi a kan keken ɗinki. Ba kullum yake ci ba, amma yana ci, saboda ana ba ɓarawo lokaci tsoro ya dafa shi, kuma ana bar masa ƙofar da zai dawo da kaya ba tare da ya kunyata ba. Abin yana son haƙuri, ni kuma ba ni da shi, amma na ce to.

Auta tun da rana ya kama hanyar Damagaram saboda aiki, bai san abin da ya faru ba. Da la'asar na ari wata ƙaramar waya na gaya masa, ina kuka ina zagi. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, ki bar mini." Na ɗauka dubawa zai yi ya gaya mini inda take. Washegari da safe sai ga kiransa, muryarsa har da fara'a.

"Yaya, na gama da shi. Ban ga inda take ba don a kashe take, amma na aika a share komai. Kuɗinki na waya, hotunanki, lambobin mutane, ko ɗaya ba zai gani ba."

Na ce, "Komai?"

"Komai da komai."

"Har da Inna?"

Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Ashe shi ya ɗauka tuni na tura hirar can ma'ajiyar iska. Bai tambaye ni ba. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Kira ɗaya ya ishe shi, ya ce, "Yaya, in share?" Bai yi ba, saboda an yi abin ne don a danna da sauri kafin ɓarawo ya motsa, shi kuma ya danna.

Na wanke shi tas. Na tuna masa wadda ta goya shi, na tuna masa cewa ni na zauna jinya yana can yana shan iskar biro, na ce iyawar tasa ta yi rana. Ban bar masa komai ba har ya fara kuka, ƙato da shi a bakin titi. Da ya samu bakin magana ya ce ba a riga an share ba. Umarnin yana nan yana jira. Muddin salular na kashe, Inna na ciki. Amma duk ranar da aka kunna ta ta kama rezo, kafin ka ce me an gama. Na ce to ka janye. Ya ce ya duba ko'ina bai ga wurin janyewa ba.

Ka ji fa! Ko yaro ka aika kasuwa, in ka sake shawara kana leƙawa ka ƙwala masa kira ya dawo. Amma mutanen da suka ƙera abin da ke gane yatsana a cikin yatsun duniya ba su yi tunanin mai aike zai iya yin nadama ba. Auta ya ce hanya ɗaya ta rage. In Allah ya sa an samu, kada kowa ya kunna, a zare layin tukuna, in kai masa ita Damagaram a kashe.

Na koma zaure na yi wa Kawu bayani dalla-dalla. Na ce, "Kawu, in an kawo ta, don girman Allah kada a kunna. In aka kunna, abin da ke ciki zai goge." Ya gyaɗa kai yana jan carbi, ya ce, "To, to, na ji." Na bi liman har gida na gaya masa. Na tare mai shela na roƙe shi ya ƙara a cigiyarsa. Ya faɗa a unguwa ɗaya, samari suka yi ta dariya wai an sace waya kuma ana gindaya wa ɓarawo sharaɗi, daga nan ya daina faɗa. Ni kuma hutun da aka ba ni ya ƙare, ga jarrabawar yara ta matso, dole na koma Waca na bar maganar a hannunsu.

Kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Ni da na tsine wa ɓarawo a tsakar gida, sai ga ni a kan sallaya ina roƙon Allah ya sa gwani ne, wanda ya san ana bin sawun waya in an kunna, ya sa matsoraci ne, ya sa ya tura ta ƙarƙashin rumbu ya ƙi taɓawa. Ina idar da salla kuma sai in shiga jera fuskokin matan da suka zo sadaka, wannan ta daɗe a bakin ɗaki, waccan ta tafi ba sallama. Mutanen da na tashi a hannunsu duk na mayar da su ɓarayi a raina, kuma na ji haushin kaina da na wanda ya jawo mini haka.

Kullum da safe auta zai kira da ƴar murya ya ce, "Yaya, har yanzu a kashe take." Ko gaisuwarsa ba na amsawa, in ji wannan in kashe. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya ce in ma ba a samu ba zai saya mini sabuwa wadda ta fi waccan. Na ce ya sayo har da sabuwar uwa a ciki. Bai sake tayar da zancen ba.

Ina tsaye gaban allo sai in tsinci kaina ina gwada tuno Inna. Kalmomin suna zuwa, na san abin da ta ce a kan daddawa, na san labarin jakuna, amma muryar kanta ba ta zuwa. Tawa nake ji tana maimaita maganarta. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai, don ko wata biyu ba a yi da binne ta ba.

A lakwal kuwa maganata ta zama abin muhawara. Lokacin shan iska malamai za su zauna gindin dogon-yaro kowa ya kawo nasa ilimi. Wani mushe mai koyar da manyan aji ya ce makullin nan alheri ne, ya ji a manyan birane ɓarayi sun rage ɗaukar waya don sun san ba ta buɗuwa. Wanda ke kusa da shi ya yi tsaki. Shi a tashar Magarya aka zare masa tasa, da yatsan da kod ɗin da komai, kuma har yau ko ƙyallinta bai gani ba. Ya ce ƙetare iyaka ake yi da su, wadda ta buɗu a sayar da ita ɗungurungum, wadda ta ƙi a farke cikinta a sayar da gilashi daban, batir daban. Ya ce ɓarawon tasha ba ya tsayawa ya tambaye ka wane irin makulli ka sa kafin ya zura hannu a aljihunka.

Suka juyo wai ni me na gani. Na ce ni ban san birane ba, ban ƙirga wayoyin da aka sace ba, wataƙila a can abin yana aiki. Abin da na sani, wanda ya ƙera wannan tsari ɓarawo iri ɗaya ya sani, baƙo, wanda ya fizga ya ruga, ba za ka sake ganinsa ba. Shi ya sa ya ce a kulle, a share, a yi sauri, a ɗauka kaya sun tafi ke nan. Bai san akwai garin da ɓarawonka yake bin sahu ɗaya da kawunka a masallaci ba, garin da kaya suke dawowa in an yi shiru an jira. Mu muna can muna lallaɓa mutum ya dawo da abu, shi kuma tsarin ya riga ya yanke hukunci. Na ce kuma a Waca da Guci waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Maƙwabciya za ta ara ta kira ɗanta da ke ci-rani, tsoho zai kawo a duba masa saƙo, ta wuni a teburin mai caji. Wanda makullin nan ya fi wahalarwa a wurinmu mai waya ne da danginsa, tsohuwar da ta manta kod, da matar da mijinta ya mutu aka binne shi da yatsansa, ita ga waya a hannu ba ta buɗuwa. Mushen ya ce ai madam fushi ne ke magana. Na ce e, fushi ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Ranar Alhamis, ana gobe wa'adi, ina cikin aji ƙaramar wayar da na ara ta yi ƙara. Matar Kawu ce, tana ta murna.

"An samu! An tsince ta a bayan randar zaure, a ƙulle cikin baƙar leda. Kawunki ya ce ki zo."

Na ce, "Kada a kunna! Kin ji? Kada a kunna!"

Ban san ko ta ji ba, rezo ya ɗauke. Na sake kira bai shiga ba. Na bar wa malamar ajin da ke kusa yarana, na fita ko jaka ban ɗauka ba. Taksi sai ta cika take tashi, don haka na hau babur ɗin kabu-kabu, ina ta ce wa mai moton ya ƙara wuta, yana cewa, "Madam, yashi ne fa, so kike mu faɗi?" Muna dab da Guci wayar ta fara ruri a hannuna. Auta ne. Ya kira, ya sake kira, ya sake. Ban ɗauka ba. Ba lokacin kiransa ba ne, kuma ba na son in ji abin da ya sa ya kira.

Kawu na zaune a zaure shi kaɗai, ya sa farar rigarsa ta Juma'a tun ranar Alhamis. Salular na kan gwiwarsa a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"Kin gani, ɗiyata? Ba jandarma, ba tonon asiri. Ga kayanki."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Tun kafin in warware ƙyallen na ga haske yana fitowa ta cikinsa. Na buɗe. Babu hoton yaran ajina da ke fuskarta, ba ta nemi yatsana ba, ba ta nemi kod ba. Farin gilashi ne fes, da gaisuwar maraba da Faransanci, tana tambaya wane harshe nake so, sai ka ce yau aka fito da ita daga kwali.

"A mace aka kawo ta," in ji Kawu. "Na ce ba a mayar wa mutum kayansa a mace. Da ƙafata na kai ta wurin mai caji."

Har yau ban san wanda ya sace ta ba, Kawu ko ya sani bai faɗa ba. Amma mutumin nan ya riƙe ta duk kwanakin nan bai kunna ba. Ɓarawo! Shi ya kiyaye mini Inna, ko da don tsoro ne, ya dawo da ita cikakkiya ya ajiye a bayan randa. Ba ta lalace ba sai da ta shigo hannun mutanen kirki.

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, ko idonsa ba na kallo. Ran nan na miƙe tsaye a kansa.

"Kawu, ban gaya muku ba? Ban durƙusa a nan wurin na roƙe ku da girman Allah ba? Me na yi muku? Wa ya ce ku kai ta caji? Wa ya aike ku?"

Masu wucewa suka tsaya a ƙofar zaure, matarsa ta leƙo ta koma. A lokacin na tsani auta, na tsani mai caji, na tsani wanda ya ƙera abin, na tsani tsohon nan da farar rigarsa.

Bai tsawata mini ba. Ya jira har numfashina ya ƙare, sannan ya ɗaga hannu ya kori mutanen ƙofa.

"Na ji kin ce kada a kunna," ya faɗa a hankali. "Na ɗauka don yara ne, kada su yi wasa da ita su ɓata. Ni ba wasa zan yi ba." Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. "Ranar sadaka ina nan zaune na ji mata na dariya da kuka a ciki. Na tambaya, aka ce muryar ƙanwata kika sa musu. Kowa ya ji, har maƙwabta. Ni ba zan shiga cikin mata in ce a sa mini ba. Da aka kawo ta na ce kafin ki iso bari in ji ta ni kaɗai, ko kalma ɗaya ce. Mai caji ya kunna mini, ta yi ta rubuce-rubuce, ta mutu, ta sake tashi, ba ta ce komai ba. Na ce to, ashe sai mai ita."

A nan na gane duk ihun da na yi bai fahimci abin da ya faru ba. Shi a saninsa abin da aka zuba a tukunya yana nan har sai an kwashe, buɗe murfi ba ya cinye shi. Ya ɗauka faɗan nawa na ƙin bin maganata ne kawai. Na koma na zauna a ƙasa.

"Ki yi haƙuri, na yi laifi," in ji shi. "To ga ki kin zo. Sa mini ita."

Ya gyara zama a kan buzun, ya ajiye carbin, ya juyo mini da kunnensa na dama wanda ya fi ji. Na sunkuya ina ta latsa farin gilashin kamar mai neman wani abu, shi kuma yana jira.